Ɗan Hakin da Aka Raina: Keken Golof da Alhakin Direba a Garuruwan Masu Ritaya

A tsakiyar jihar Filorida ta Amurka, arewa maso yamma da birnin Orlando, akwai wani gari mai suna The Villages da aka gina domin waɗanda suka kai shekara 55 zuwa sama. Ya ratsa gundumomi uku, Sumter da Lake da Marion, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum 79,077 a cikin iyakar da hukuma ta shata masa, ban da unguwannin da suka tsallake wannan iyaka. Fiye da rabin mutanen gundumar Sumter sun haura shekara 65.

Abin hawan da rayuwar garin ta rataya a kansa shi ne keken golof. Ƙafa huɗu gare shi, da rumfa a sama, babu ƙofa, kuma girmansa bai wuce na A Daidaita Sahu da yawa ba. Asali an ƙera shi ne domin ya ɗauki 'yan wasan golof da sandunansu daga wannan rami zuwa wancan, a kan ciyawa mai laushi. A The Villages kuwa, da shi ake zuwa kanti da banki da asibiti, da shi ake zuwa dandalin gari da yamma, inda ake kiɗa da rawa kullum. Hanyoyin da aka keɓe masa sun haura mil 100, har da gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. A 2005 mazauna garin sun jera kekuna 3,321 a ayari guda, suka shiga kundin bajinta na Guinness.

Keken nan ya zama motar dubban tsofaffi, amma doka har yau tana yi masa kallon kayan wasa. Baligi a Filorida ba ya bukatar lasisin tuƙi kafin ya hau shi. Ba a tilasta masa rajista ko inshora, kuma ba wanda zai duba idonsa. Sai an yi haɗari sannan doka ta waiwayi direba, ta ɗora masa alhaki mai nauyin gaske. Wannan tsari ya sa abu a bai-bai. Ranar da mutum ya karɓi makulli ya kamata alhaki ya fara, tun kafin ranar motar asibiti.

Layin mil 20

Dokar Filorida ta raba ƙananan motocin nan gida biyu, kuma gudu ne ma'aunin rabon. Wanda ba zai iya wuce mil 20 a sa'a ba, wato kimanin kilomita 32, shi ne keken golof. Abin da ake nema a jikinsa kaɗan ne: burki mai aiki, sitiyari mai kyau, tayoyi lafiyayyu, madubin duba baya, da alamu ja masu walƙiya gaba da baya. Babu bel ɗin kujera a jerin. Wanda gudunsa ya wuce mil 20 amma bai haura 25 ba, sunansa a doka mota mai ƙaramin gudu. Tun 1998 hukumar kula da lafiyar manyan hanyoyi ta gwamnatin tarayya, NHTSA, ta wajabta wa irin wannan mota fitilu da sigina da gilashin gaba da bel ɗin kujera da lambar shaida, sannan Filorida ta ƙara da rajista da inshora da lasisin tuƙi.

Ke nan kekuna biyu za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a bakin kanti, kamarsu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, amma ɗaya na ƙarƙashin dokar mota, ɗayan kuma kusan babu abin da ya ɗaure shi. Layin ma ba shi da wuyar tsallakewa. Bakanike zai iya taɓa na'urar da ke taƙaita gudun keken, ko ya sa masa manyan tayoyi, ya mai da shi mai gudun mil 25 ko fiye. Daga wannan rana keken ya daina zama keken golof a idon doka, ya koma motar da ba ta da rajista, ko mai shi ya sani ko bai sani ba.

Majalisar jihar ta taɓa wannan doka a 2023. A da, yaro ɗan shekara 14 na iya tuƙa keken a titi. Daga 1 ga Oktoba na wannan shekara, wanda bai kai 18 ba sai ya riƙe lasisi ko takardar koyon tuƙi. Baligi kuwa, katin shaida mai hoto da gwamnati ta bayar ya ishe shi. An gyara ɓangaren jikoki, an bar ɓangaren kakanni yadda yake.

A nan ne giɓin ya fi fitowa fili. Jihar da kanta ta yarda cewa gani yana raguwa da shekaru, shi ya sa direban mota da ya kai 80 yake sabunta lasisinsa duk shekara shida maimakon takwas, kuma dole ya ci gwajin ido. Haka nan likita ko ɗan uwa na iya kai rahoton direban da lafiyarsa ta yi rauni ga hukumar lasisi, a asirce. Duka matakan nan biyu a jikin lasisi suke rataye. Dattijon da ya faɗi gwajin ido da safe zai iya ajiye motarsa, ya hau keke da la'asar, ya bi hanyar da masu tafiya a ƙasa da masu keken ƙafa suke bi, bai karya doka ko ɗaya ba.

Abin da ke faruwa a kwana

Mil 20 a sa'a ba ya ba kowa tsoro a kunne. Lissafi kuwa yana nuna cewa jikin da ya bugi abu mai tauri da wannan gudu daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 4. A mil 25 tsayin ya haura mita 6, a mil 30 ya kai mita 9, domin ƙarfin bugu yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Mota tana da ƙofa da bel da jakar iska da ƙarfen da ke lanƙwashewa ya shanye bugun. Keken golof ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma da yawa daga cikin kekunan a tayoyin baya kaɗai suke da burki.

Haɗarin da ya fi yawa ma ba ya bukatar karo. Direba yana zaune a hagu, hannunsa a kan sitiyari, kuma ya san lokacin da zai karya kwana. Fasinja yana dama, babu abin riƙo sai ɗan guntun ƙarfe a gefen kujera. Da keken ya karya hagu da sauri, jikin fasinja zai ci gaba da tafiya miƙe, ya zame ta inda ƙofa ya kamata ta kasance. Wani bincike da aka buga a 2008 a mujallar American Journal of Preventive Medicine ya ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2006 sassan gaggawa na asibitocin Amurka sun karɓi mutum kusan 148,000 da suka ji rauni a keken golof. Adadin shekara-shekara ya ninka fiye da sau biyu a wannan tsakani, kuma faɗowa daga keken ita ce babban sanadi, da kashi 38 cikin 100.

Faɗuwar da matashi zai tashi ya kakkaɓe rigarsa, ga tsohuwa mai shekara 78 tana iya zama karayar ƙugu. Ga wanda ke shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya, bugun kai ɗaya a kan kwalta na iya jawo zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa. A garin masu ritaya, wanda ke zaune a kujerar dama galibi mijin direba ne ko matarsa, ko jikan da ya zo hutu. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Alhakin da ke zuwa a makare

Kotunan Filorida ba su taɓa raina keken ba. Tun 1920 Kotun Ƙolin jihar ta kafa ƙa'ida cewa mota abu ce mai haɗari a kan kanta, don haka wanda ya ba wani aron motarsa yana da alhakin ɓarnar da mai aron ya yi. A 1984, a shari'ar Meister da Fisher, kotun ta ce wannan ƙa'ida ta shafi keken golof. Dokar tuƙi cikin maye ma ba ta bambanta keke da mota ba: ma'aunin barasa a jini ɗaya ne, 0.08, kuma wanda ya kashe mutum a cikin maye kurkuku ke jiransa.

Saboda haka ɓangarori biyu na doka ɗaya suna faɗa wa mai keke magana biyu. Ɗaya ya ce masa abin hawansa bai kai a yi masa rajista ba, ɗayan ya ce idan jikansa ya buge mutum da shi, shi zai biya diyya. Mutane da yawa suna zaton inshorar gidansu ta rufe keken, alhali sau da yawa irin wannan inshora ba ta bin keken zuwa titi, kuma kamfani na iya ƙin biya idan ya gano an ƙara wa keken gudu. Wanda aka buge sai ya tarar babu kamfanin da zai biya kuɗin asibiti, sai dai ya kai maƙwabcinsa ƙara. Wanda ya yi bugun kuma yana iya rasa abin da ya tara a shekara arba'in na aiki. Idan direba ya gudu, keken da ba shi da lamba yana shigewa cikin dubban irinsa. Hukunci bayan haɗari yana da amfaninsa, amma ihu ne bayan hari.

Hujjar masu cewa a bar su

Masu adawa da ƙarin doka suna da hujja mai ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta. Ga dattijon da ya daina tuƙa mota, keken nan shi ne ƙafarsa. Idan aka ƙwace shi, an yanke shi daga likita da kanti da abokan hira, kuma kaɗaici yana karya tsoho kamar yadda ciwo ke karya shi. Suna kuma cewa gara mai raunin gani ya tuƙa ƙaramin keke a mil 18 da ya tuƙa babbar mota a mil 60. Sannan shekaru kaɗai ba sa nuna iya tuƙi: akwai mai shekara 85 da ya fi mai 55 natsuwa, kuma maye da gudu ba su da alaƙa da furfura.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana a kafa dokar da za ta ce daga shekara kaza an daina tuƙi. Bai isa ya hana a auna komai ba. Ma'aunin da ya dace da keke zai iya zama ƙasa da na mota, tun da gudun ƙasa yake, amma dole ya kasance akwai shi. 'Yancin zirga-zirga da ake kare wa direba, matar da ke tafiya da sandarta a gefen hanya ma tana da irinsa, kuma ita ba ta da rumfa ko ƙarfen da zai tare mata bugu.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kowane keken da zai fita daga filin wasa ya hau hanyar jama'a ya sami rajista da lambar da ake iya karantawa daga nesa. Wannan ba sabon abu ba ne: birnin Peachtree City na jihar Jojiya ya daɗe yana yi wa kekunan mazaunansa rajista. Na biyu, a wajabta inshorar biyan diyya ga wanda aka yi wa rauni. Jihar Arizona, inda garin Sun City na masu ritaya yake tun 1960, tana neman rajista da inshora da lasisi ga keken da ke bin titi, kuma hakan bai hana tsofaffinta hawan keke ba. Na uku, a sa bel ɗin kujera a kowane keken da ke bin titi. A kan ciyawa ana iya muhawara game da amfaninsa, amma a kan kwalta, inda faɗowa ce ke raunata mutane, hujjar ta fito fili.

Na huɗu, wanda ba shi da lasisin mota ya riƙe wata takardar izini ta keke, wadda za a ba shi bayan gwajin ido da ɗan gajeren gwajin tuƙi, a riƙa sabunta ta. Wani za a iya ba shi izinin rana kawai, wani a taƙaita shi ga hanyoyin da babu mota. Dokar Filorida ta riga ta buɗe wannan ƙofa, domin ta ba ƙananan hukumomi ikon kafa ƙa'idoji masu tsauri game da keken, muddin sun shafi direban da ba shi da lasisi. Abin da ya rage shi ne gundumomi su yi amfani da ikon.

Na biyar ya rataya a wuyan kamfanonin da ke gina irin waɗannan garuruwa. Su ne suka sayar da gidaje da alƙawarin cewa ko'ina ana zuwa da keke, kuma sun san wanda ya sayi gida yana da shekara 60 zai kai 85 a cikinsa. Wajibi ne su samar da motocin jigila masu arha da za su ɗauki wanda gwaji ya hana tuƙi. Idan babu wannan, kowane tsoho zai ɓoye raunin idonsa, iyalinsa kuma su taya shi ɓoyewa, domin sun san abin da faɗin gaskiya zai jawo masa.

A yanzu nauyin yana kan 'ya'ya, waɗanda sau da yawa suna zaune a wata jiha mai nisa, su kira mahaifinsu a waya su roƙe shi ya ajiye makulli, shi kuma ya amsa musu cewa doka ba ta hana shi ba. Gaskiya ya faɗa. Gwajin da hukuma ke yi wa kowa, a rana sananniya, da ma'auni sananne, zai ɗauke wannan nauyi daga kan iyali, ya kuma bar wa dattijon mutuncinsa: ko dai ya ci ya ci gaba da tuƙi da hujjarsa a aljihu, ko a gaya masa gaskiya tun matarsa tana zaune lafiya a kujerar dama.