Tauraro Na Wucewa Da Azahar, Hayaƙinmu Na Tashi Da Magariba

'Yan uwa matasan jam'iyya, a zamanmu na makon jiya wani ya ce mu daina ɓata baki kan gurɓatar iska, wai ai yanzu tauraron ɗan Adam na auna komai daga sama. Ban tanka masa a wajen ba. Ga amsata.

Tauraron akwai shi, ba ƙarya. Sunansa Sentinel-5P, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ce ta harba shi a Oktoban 2017. Yana ɗauke da na'urar TROPOMI mai auna gurɓatacciyar iska irin wadda ke fita daga salansar mota da janareta. Lokacin kullen korona a 2020, hotunansa sun nuna yadda hayaƙi ya ragu a saman biranen Sin da Italiya. Bayanansa kuma kyauta ne a intanet.

To amma fa yana ratsa samanmu ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Wa ke ƙona bola a lokacin? Duk ɗan Gyallesu ya san sai rana ta yi sanyi ake cinna wa shara wuta, da leda da tsumma da komai. Idan aka ɗauke wuta, janaretoci su amsa. Da hunturu ƙura ta haɗu da hayaƙin su kwanta a lungu, yara na dawowa daga Islamiyya suna tari. Tauraron ya daɗe da wucewa. Sannan kowane ɗigo a hotonsa fili ne na kusan kilomita 5.5 da 3.5. Ina zai bambance layinmu da Kongo?

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka birnin Kaduna cikin ashirin mafiya ƙurar iska a duniya. Mu a Zariya da me za mu kafa hujja idan muka je neman haƙƙinmu?

Shi ya sa nake so ɓangarenmu ya daina karɓar alkawarin kwalbati kaɗai. Duk mai neman kansila ko ciyaman ta hannunmu, ya rubuta mana zai kafa ƙananan na'urorin auna iska a makarantun firamare da kasuwar Tudun Wada, ya kuma faɗi ranakun kwashe shara. Ga ABU a bayan gida, ɗalibanta za su iya haɗa awon ƙasa da na tauraro.

Ranar Asabar zan gabatar da wannan a zama. Wanda ake ƙona bola a layinsu ya ɗauko hoto, ya rubuta lokacin.