SHARHI: Kyamarar Titi Ba Ta Jin "Don Allah"

A watan Fabrairu na shekarar 2025, Gwamnatin Jihar Legas, tare da kamfanin Huawei na ƙasar Sin, ta ba da sanarwar kafa kyamarori masu auna gudun motoci. An ƙayyade gudun kilomita 80 a awa a Alapere, da kilomita 60 a titin Mobolaji Bank Anthony da ke Ikeja, maƙwabciyar Agege. An yanka tarar Naira 50,000 ga wanda ya zarce ƙa'ida, da Naira 20,000 ga wanda ya ƙetare jar wuta.

Ya kamata 'yan kasuwarmu masu kai shanu mayankar Oko-Oba da kayan gwari Mile 12 su fahimci yadda na'urar ke aiki. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana shafe kimanin mita 22 a daƙiƙa guda. Saboda haka manhajar kwamfuta ce ke umartar kyamara ta ɗauki hoto cikin ƙiftawar ido, don kada lambar mota ta dushe. Ita ce kuma ke karanta haruffa, ta binciko rajista, sannan a aika wa mai sunan saƙon tara ta wayar salula.

A nan gizo ke saƙa. Da yawa daga cikinmu mukan sayi mota hannu da hannu, bisa amana, ba tare da sauya sunan mai ita a takardu ba. Direba ya yi laifi, saƙo ya tafi wajen wanda ya sayar tuntuni, tara kuwa tana taruwa har ranar sabunta takardu. Dole ne shugabannin kasuwa da na direbobi a Agege su wayar da kan jama'arsu: a gyara rajista, a sa lambar waya mai aiki, a goge lambar mota.

Ita ma gwamnati da nata nauyin. Manhaja tana iya ɗaukar B a matsayin 8 idan ƙurar hanya ta rufe lamba, ga kuma ɓata-gari masu lambar jabu. Wajibi ne a riƙa gwada ingancin na'urorin, jami'i ya duba hoto kafin a yanke tara, a kuma sauƙaƙa hanyar ƙorafi, har da harshen Hausa. Ba daidai ba ne kura ta ci nama a kama kare.