Ƙyanda: bushewar ƙuraje ba ita ce warkewa ba

Da zarar sanyi ya ja baya, cibiyoyin kiwon lafiya na jahar Damagaram kan fara karɓar yara masu zazzaɓi, jan ido da ƙuraje. Lokacin ƙyanda ke nan, wadda wasu ke kira dusa ko baƙon dauro. A Nijar takan yi ƙamari tsakanin Fabrairu da Mayu, ta lafa idan damina ta sauka. A karkarar Dogo, kan hanyar Magarya, kamar sauran wurare, iyaye kan ɗauka yaro ya tsallake da zarar ƙurajen sun bushe. Gwajin jini ya nuna da sauran rina a kaba.

A ɗakin bincike, masana kan ware fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosit, waɗanda su ne dakarun jiki. Sai a zuba masu wani sinadari da ake samu daga wake, wanda Peter Nowell na Amurka ya gano a 1960 cewa yana sa su hayayyafa. Bayan kwana uku a auna yawan ƙaruwarsu. A yau akan rina su da wani launi mai ƙyalli da ke raguwa da rabi duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu. Ƙwayoyin yaro mai lafiya kan ninka sosai. Na mai ƙyanda kuwa sukan yi sanyi, har makonni bayan ƙurajen sun ɓace.

Wani ɓangare na wannan ilimi a ƙasar Hausa aka samo shi. A shekarun 1970, Hilton Whittle da Brian Greenwood sun yi nazari kan yara masu ƙyanda a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda suka ga ƙwayoyin na raguwa, garkuwar jiki na yin rauni. A 2019 kuma, bincike kan yara 77 marasa rigakafi a Holand ya nuna cutar ta shafe kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na kariyar da jikinsu ya tara daga cututtukan baya.

Shi ya sa ciwon huhu ko gudawa ke iya kwantar da yaro bayan an ce ya warke, musamman mai tamowa. Idan ya rasu, da wuya a ɗora laifin kan ƙyanda, don haka alƙaluma kan rage mata ɓarna.

Asibitin Dogo ba ya buƙatar na'urar auna limfosit kafin ya amfana da darasin. Abin da ake buƙata shi ne bitamin A ga duk wanda ya kamu, bibiyar lafiyarsa bayan sallama, da allurar rigakafi sau biyu, ta farko a wata tara. Sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu duka biyun kafin cutar ta daina yawo.