Kafin a hana yaro madara da gyaɗa, a duba abin da ke cikin ledar biskit

Likita ya ce wa uwa ta ɗauke wa ɗanta duk abin da ke da madara na mako huɗu, a ga ko ƙuraje da gudawar da ke damunsa za su lafa. Ta ɓoye madarar gwangwani, ta hana shi fura da nono. Amma kullum da yamma kawunsa na shigowa daga kasuwar Gummi da biskit ko gullisuwa a ƙullin leda. Mako huɗu ya cika, ƙuraje na nan, sai gida ya yanke cewa ba madara ba ce. Alhali yaron bai rabu da ita ba ko na kwana ɗaya.

Tsarin da likitoci ke bi mai sauƙi ne. A cire abincin da ake zargi na 'yan makonni, idan an ga sauƙi a maido shi kaɗan-kaɗan a ga ko ciwon zai dawo. Gaba ɗaya gwajin ya rataya ne a kan sanin abin da ke shiga baki, kuma nan ne kayan ƙwalam na kanti ke ɓata lissafi.

Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta lissafa abubuwan da dole a ambata a jikin kaya saboda jikin wasu ba ya karɓar su: alkama da danginta, ƙwai, madara, gyaɗa, kifi da sauransu. Hukumar NAFDAC ma ta wajabta rubuta kayan haɗi a jikin abincin da aka ƙunshe. Sai dai rubutun da Turanci yake, da ƙananan haruffa, a bayan leda mai ƙyalli. Wanda ya iya karatun ma zai iya wucewa ta kan "whey" ko "casein" bai san daga madara suke ba, ko "lecithin" da galibi daga waken suya ake samo shi. Abin mamaki, wasu kwalayen na ɗauke da Faransanci da Larabci, amma ba a samar wa Hausa ko layi ɗaya ba.

Wannan ma na kamfani ke nan. Abin da yara suka fi ci a Anka da Bukkuyum ba shi da rubutu ko kaɗan: cincin, ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, dakuwa, tuwon madara, alkaki. Masu yin su mata ne da ke neman na cefane, kuma ba da mugun nufi suke ƙulla su ba lakabi ba. Amma injin niƙan unguwa da ya markaɗa gyaɗa da safe shi ne zai markaɗa waken awara da rana, man da aka soya wannan da shi za a soya wancan. Ga mai borin jini mai tsanani, ɗan ɓurɓushi ya isa ya kumbura masa leɓe ya sarƙe numfashi.

A Ingila sai da rai ya salwanta kafin a gyara irin wannan giɓi. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan ta ci burodin da aka yi da riɗi ba tare da an rubuta a jikinsa ba. Daga Oktoban 2021 doka ta tilasta wa masu haɗa abinci su ƙunshe a shagonsu rubuta duk kayan haɗin.

To amma a yammacin Zamfara akwai haɗarin da ya fi wannan kusa, shi ne hana yaro abinci bisa zato. Yanki ne da tamowa ta yi wa katutu, inda rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu. Abincin maganin tamowa da ake rabawa a asibitoci da gyaɗa da garin madara ake yin sa. Uwar da maƙwabciya ta ce mata gyaɗa ce ke sa ƙaiƙayi, ta daina bai wa yaro shi, ta cire masa maganin da ke riƙe da ransa ne.

Ga kuma dalma. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. Ciwon ciki da amai da ƙin abinci na cikin alamun gubar, kuma da sauƙi a ɗora su a kan biskit. Sannan jikin yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙashi ya fi tsotse dalma. Hana irin wannan yaro madara da ƙwai ba tare da gwajin jini ba ganganci ne.

Ba kowane ɓacin ciki ne ke nufin a yi sallama da madara har abada ba. Manya da yawa madara zalla na kumbura musu ciki, amma kindirmo ba ya damun su, saboda tsamin ya rage sukarin da ke wahalar da su.

Ya kamata NAFDAC ta nemi kamfanoni su sa hoton gyaɗa, ƙwai, madara da zangarniyar alkama a gaban leda, inda wanda bai yi boko ba zai gane. Ma'aikacin lafiyar da ya ce a daina wani abinci kuma kada ya tsaya a nan. Ya lissafa wa uwa kayan kantin da abin ke ɓuya a ciki, ya faɗa mata abin da za ta maye gurbinsa da shi, ya sa mata ranar dawowa a auna nauyin yaron.