Katin da Aka Saya Ba Ya Tare Sanƙarau

A ƙasar Danja, kamar sauran ƙasashen noma na shiyyar Funtuwa da Malumfashi, kujerar Hajji da gumi ake sayen ta. Mutum zai tara masarar damina biyu ko uku, ya haɗa da kuɗin tumatir da na rake, wani har sai ya sallama shanun huɗa, kafin ya cika abin da aka yanka, wanda a 2025 ya haura naira miliyan 8. Zai jure layin fasfo, ya jure zaryar bita, ya jure kwanan sansanin alhazai. Amma da an ce ya naɗe hannun riga a yi masa allurar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba, sai ka ji ana raɗa: “Ba a samun wanda zai buga mana katin kawai?” Ana samu kuwa. Ba a taɓa rasa mai sayar da hatimi ba, muddin akwai mai saye.

Abin da muke cewa a fili yake. Duk wanda ya sayi katin riga-kafi ba tare da allura ta shiga dantsensa ba, ha'inci ya yi, kuma ba jami'in filin jirgi ya ha'inta ba. Ya ha'inci wanda za su kwana tanti ɗaya a Mina, ya ha'inci jikokin da za su rungume shi ranar da ya dawo. Wanda ya sayar masa kuwa, laifinsa ya ninka.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Saudiyya na neman maniyyaci ya yi allurar sanƙarau mai tare nau'i huɗu, wato A da C da W da Y, aƙalla kwana 10 kafin ya isa. Tana neman mai zuwa daga Najeriya ya nuna shaidar allurar zazzaɓin shawara, ya kuma karɓi riga-kafin shan inna. Ita allurar shawara sau ɗaya ake yin ta. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke batun sabunta ta duk shekara 10, ta ce guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ana gudun abin da za a yi sau ɗaya tak a duniya, sannan a biya kuɗi domin a tsallake shi.

Ba alhazai kaɗai ake gindaya wa irin wannan ba. Attajiran Turai da Amurka da ke shiga manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa su ma ana tambayar su shaidar allurar shawara, idan jirgin zai yada zango a ƙasar da ke neman ta. Dalilin ɗaya ne: dubban mutane daga wurare daban-daban, a matse a wuri guda, suna shaƙar numfashin juna. A watan Fabrairun 2020 duniya ta ga abin da hakan ke haifarwa, lokacin da aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum kusan 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Wannan fa jirgi ne mai ɗakuna da likitansa. To, ina ga Mina, inda mutum sama da miliyan ɗaya da rabi ke kwana cikin tantuna, kafaɗa na gogar kafaɗa? Ina ga ɗawafi a goman ƙarshe na azumi?

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro kati. Waɗanda suka tafi da ƙafa ta Borno da Chadi da Sudan, in sun isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sai an tsare su a wurin killacewa kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. An yi haka ne saboda kwalara ta sha kashe dubban alhazai, ta kuma bi su zuwa ƙasashensu, kamar yadda ta yi a 1865. Mutanen da suka yi shekaru a hanya sun zauna sun jira. Mu da jirgin sama ke kai mu cikin awa biyar ko shida ne muke ganin an takura mana.

Kowane sharaɗi da ke cikin katin nan gawa ce ta rubuta shi. A 1987 sanƙarau nau'in A ya ɓarke a lokacin Hajji, daga nan Saudiyya ta wajabta allurar. A 2000 da 2001 wani nau'in, W, wanda allurar da aka saba yi a lokacin ba ta tare shi, ya ɓulla tsakanin alhazai ya bi su zuwa ƙasashe da dama. A 2002 irin wannan nau'i ya kama mutum fiye da 12,000 a Burkina Faso, ya kashe sama da 1,000. Shi ya sa aka koma mai nau'i huɗu. Shawara kuwa sauro ke yaɗa ta, kuma irin sauron da ke ɗaukar ta akwai shi a yankin Jidda da Makka. Matafiyi ɗaya mai cutar a jininsa ya isa ya kunna wutar da ba a san inda za ta tsaya ba.

Ga inda mai sayen kati ke ruɗin kansa. Yana cewa, “Ni lafiyata ƙalau.” Ƙwayar sanƙarau na iya zama a maƙogwaron mutum makonni, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, yana ta raba ta da tari da atishawa. Sabbin allurai na rage ko da wannan ɗaukar ta ɓoye. Yanzu mai karatu ya tuna yadda ake tarbar alhaji a garuruwanmu: zaure ya cika, cikin gida ya cika, ana miƙa kofin zamzam daga baki zuwa baki, ana ɗora masa jarirai a cinya ya sa albarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum 6 da sanƙarau mai ƙwayar bakteriya ya kama, ɗaya na mutuwa, kuma ɗaya cikin 5 na tashi da mummunar illa irin su kurumta ko farfaɗiya. Tsarabar da babu wanda ya roƙa ke nan.

Manyanmu ba su manta 1996 ba. A shekarar sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa, ya kashe sama da 11,000. Saudiyya ta rufe ƙofa ga maniyyatan Najeriya. Mutanen da suka biya kuɗi, suka yi bankwana, suka raba wasiyya, suka koma gida da jakunkunansu. Hajjin 1996 a ƙarshen Afrilu ya faɗo, daidai lokacin da zafi da ƙura ke kan ganiya, lokacin da sanƙarau ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa. Kowa ya san watannin Musulunci na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, suna zagayowa cikin shekara 33. Ke nan wajen 2029 Hajji zai dawo inda yake a 1996, sannan ya shiga Maris a shekarun da ke biye. Umarar azumi kuwa tuni ta shiga wannan lokaci. Cutar ba ta tafi ko'ina ba: a 2017 nau'in C ya kashe mutum fiye da 1,000, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Zamfara da Sakkwato.

Za a ce mana mutane na da dalilin tsoron allura. Gaskiya ne, kuma ba za mu yi wa wannan dalili ba'a ba. A cikin waccan annoba ta 1996 ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Aka shafe shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu duba abin da gudun ya jawo. Da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano da wasu jihohi a 2003, har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Yaran da suka shanye a lokacin yau magidanta ne, suna jan jiki a bakin titi. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar.

Sannan mai sayen kati ba ɗan gwagwarmaya ba ne. Wanda ya ce bai yarda da allura ba, ya haƙura da tafiya, aƙalla ya tsaya a kan maganarsa. Shi kuwa wancan yana son tafiyar, yana son a ɗauka ya yi allurar, ya bar haɗarin a wuyan wasu. Mai shakka na gaskiya tambaya yake yi: wane kamfani ya yi ta, yaushe za ta lalace, an ajiye ta cikin sanyi? Haƙƙinsa ne a nuna masa kwalbar.

Za a kuma ce ciwo da mutuwa na Allah ne. Babu Musulmin da ke musun haka. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya doshi Sham aka ba shi labarin annoba, shawara ya yi da sahabbai ya juya da jama'arsa, kuma bai ɗauki hakan a matsayin saɓa wa ƙaddara ba. Babu ɗayanmu da ya kai shi tawakkali. Manomin da ke sayen maganin feshi domin tsutsar tumatir, yana kai shanunsa riga-kafi, bai taɓa cewa ya bar gonar ga ƙaddara ba. Tambayar da muke miƙa wa malamanmu ita ce: mene ne hukuncin ibadar da aka buɗe ta da shaidar zur?

Ɓarnar ba ta tsaya a kan alhazai ba. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin katinsu na shawara na jabu ne. Najeriya ta rama, daga baya aka ba ta haƙuri. Amma zargin ya samu wurin zama ne saboda kowa ya san ana sayar da katin. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ɗalibi da ɗan kasuwar da suka yi allurarsu tsakani da Allah su ke shan kallon raini a kan iyaka.

Maganin da gwamnatin tarayya ta kawo shi ne sabon kati na intanet, wanda ya maye gurbin tsohon a 2019. Ana biya ta intanet, a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, a yi allura, a karɓi kati mai tambarin nan na ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya. Ci gaba ne, ba mu raina ba. Amma mu da rubuta manhaja ce sana'armu mun san iyakar abin. Tambarin na tabbatar da abu ɗaya kawai: akwai suna a rumbun bayanai. Bai san ko allura ta taɓa fata ba. In wanda ke zaune gaban kwamfuta ya karɓi na goro ya shigar da suna, na'ura za ta gaskata ƙaryar, ta kuma yi mata ado. Jabun da, ana gane shi da ido. Jabun yanzu na gaske ne ta kowace fuska, in ban da jikin mai shi.

Ana iya toshe wannan ƙofa, kuma ba sai an sayo wata na'ura daga waje ba. Kowace kwalba na da lamba da adadin alluran da ke cikinta. A ɗaure kowane kati da lambar kwalbar, da sunan wanda ya yi allurar, da lokaci. In ofishi ya karɓi allura 500 ya fitar da kati 900, manhaja ta tona shi a daren, ba sai an kafa kwamiti ba. A raba mai yin allura da mai shigar da suna. A riƙa kiran wasu daga cikin masu kati ana tambayar su. Wanda aka kama, a faɗi sunansa, a hukunta shi a gaban kowa.

Sai kuma a gajarta hanyar gaskiya. Hukumomin alhazai na jihohi kan shirya ranakun riga-kafi ga maniyyatansu, amma mai zuwa Umara ta kamfani, da ɗan kasuwa mai zuwa Gana, da ɗalibi, kowa tasa ta fisshe shi. In mutumin ƙauyen Danja sai ya bar ban-ruwa, ya biya mota zuwa babban birni, ya yini a layi, alhali ɗan kamasho zai kawo masa kati har ƙofar gida, to tsarin da kansa ne ke yi wa jabu talla. A kawo wurin yin allurar matafiya Funtuwa da Malumfashi, a sanar da ranakun a rediyo da masallatan Juma'a, a manna farashin a bango. Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai nau'i biyar a 2024. Ƙasar da ta iya wannan ba ta da uzurin barin matafiyanta a hannun dillalan hatimi.

Malaman bita su ware wa wannan magana zama guda, kamar yadda suke ware wa ihrami da jifa. Kamfanonin Umara su daina cewa “kawo fasfo, mu za mu ji da sauran.” Mu kuma 'ya'ya da ke cike wa iyayenmu takardu a waya, mu ne muka fi kusa: mu raka Baba da Inna wurin allura, mu gani da idonmu, mu ƙirga kwana 10 kafin tashi. Wanda ya iya sayar da masarar shekara uku domin ya amsa kiran Ubangijinsa, ba naɗe hannun riga ne zai gagare shi ba. Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, su da waɗanda za su tarbe su.