Auren Nesa: Yadda Tarewa a Birtaniya Ta Ƙara Tsada

A al'adar Bahaushe, aure bai kammala ba sai amarya ta tare. Amma ga wadda mijinta ke zaune a Birtaniya, ranar tarewa ta koma hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙasar.

Tun daga 11 ga Afrilun 2024, ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin da ke son ɗauko matarsa sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, maimakon 18,600 da aka ƙayyade a 2012. Albashin da matar ke karɓa a Kano ko Abuja ba ya shiga lissafi. Mai dogaro da ajiya kaɗai kuwa sai ya mallaki fam 88,500. Ga harajin lafiya na fam 1,035 duk shekara, ga jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka.

Hujjar mahukunta ita ce rage kwararar baƙi da sauƙaƙa wa baitulmali. Sai dai kasadar ta fi yawa a kan mai tafiya. Ma'aikaciyar da ta yi murabus, ko 'yar kasuwar da ta sayar da shago, za ta shafe shekara 5 izinin zamanta na rataye da igiyar auren. Idan aka rabu, ana iya soke shi, sai dai in an tabbatar da cin zarafi.

Don haka ya kamata iyaye su ga takardun ango kafin sa rana, ma'aikaciya kuma ta nemi hutu ba albashi inda dokar aiki ta yarda, har bizar ta fito.