ƘWALLON YARA DA HARSUNAN MANYA: RADDI GA MASU ƁATA SUNAN MAKARANTA DA "AN CE"

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya mutuncin Musulmi abu mai alfarma kamar jininsa da dukiyarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon shi ne ƙurar da aka tayar a WhatsApp da Facebook a kan wata makaranta mai zaman kanta a garinmu, tun daga lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafarta ta fara doke takwarorinta a gasar makarantun sakandare. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ambatonsa ƙara wa wutar itace ne. Ni ba ma'aikacinta ba ne, kuma ba ni da ko sisin kwabo a cikinta. Alaƙata da ita ita ce, da yawa daga cikin yaran da ake cin namansu ɗalibaina ne a Islamiyya, wasunsu a hannuna suka sauke Ahalari suka shiga Ishmawi.

Zarge-zargen guda uku ne. Na farko, wai 'yan wasan gardawa ne aka rage musu shekaru aka sa musu kayan makaranta. Na biyu, wai makarantar tana haɗa baki da dillalai tana sayar da yara zuwa Turai. Na uku, wai ƙwallo ta raba yaran da salla da karatu.

INA ISNADIN?

Kafin mu shiga cikin zarge-zargen, akwai tambayar da kowane ɗalibin ilimi ya san ita ce farko: wa ya faɗa? Na bi saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba sai "an ce", da "wani na ciki ya tabbatar mana", da muryar wani mutum da bai faɗi sunansa ba. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba, kuma ƙa'idarsu ce cewa sukar da ba a bayyana dalilinta ba ba ta rushe adalcin da ya riga ya tabbata. To yaya za mu ƙi wannan a cikin aji, sannan mu karɓe shi hannu bibbiyu a cikin waya?

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ambaci cewa ta sauka ne a kan labarin da aka kawo cewa Banul Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka kusa ɗaukar musu makami, alhali ba haka al'amarin yake ba. Imamu Muslim kuma ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa, daga Abu Huraira (RA), cewa mutum ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, wannan kaɗai ya ishe shi zama maƙaryaci. Saboda haka rubuta "kamar yadda aka turo mini" a saman saƙo ba ya wanke kowa. Wanda ya tura ya faɗa.

ZARGIN RAGE SHEKARU

Masu wannan zargi suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne rage shekaru tsohuwar cuta ce a ƙwallon Nijeriya, kuma ba mai musun haka sai wanda bai san tarihi ba. A shekarar 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya na shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin da aka samu a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A shekarar 2016, 'yan wasa 26 na ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin shekaru ana gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu daga neman shiga gasar Afirka, alhali mu ne muka ɗauki kofin duniya na wannan rukuni a 2013 da 2015.

Amma ina so mai karatu ya lura da abu ɗaya. Yawaitar laifi a ƙasa ba hujja ce a kan wani ayyanannen mutum ba. Don sata ta yi yawa a kasuwa, ba a kama duk wanda aka gani da sabuwar riga. Ita kanta FIFA, da duk tuhumar da take yi, ba ta yanke hukunci da tsawon yaro ko gashin bakinsa. Tun gasar 2009 da aka yi a nan Nijeriya, wadda Kano da Kaduna da Bauchi suna cikin garuruwan da aka buga ta, ta koma amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton wuyan hannu, a duba ko mahaɗar girma ta ƙashin ta gama haɗewa; idan ta haɗe sarai, sai a cire ɗan wasa. Wato hukumar da ba ta karanta Hujurat ba tana bin diddigi, mu kuma da muka haddace ta muna yanke hukunci da hoton da aka ɗauka daga bayan raga!

Kuma wannan zargi yana cikin mafi sauƙin bincike. Ɗan makaranta ba daga sama ya faɗo ba. Yana da takardar haihuwa, yana da rajistar shiga firamare, yana da sakamakon jarrabawar kowane zango, yana da mai unguwar da ya halarci sunansa. Ni kaina ina da littafin kiran suna na Islamiyya, kuma yaron da aka zagaye hotonsa da jan layi ana kiransa "baban yara", a gabana aka kawo shi yana koyon Fatiha bai gama famfara ba. Gani ya kori ji. Duk mai shakka ya rubuta ƙorafi ga masu shirya gasar, ya sa sunansa, a fito da takardu. Shari'a ta ɗora kawo hujja a kan mai da'awa ne, ba a kan wanda ake tuhuma ba.

ZARGIN SAYAR DA YARA

Wannan shi ne mafi muni, domin tuhuma ce ta safarar mutane. Gaskiya ne akwai 'yan damfara da ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin kai yaro gwaji Turai, su watsar da shi a hanya. Amma masu yaɗa maganar ba su san yadda abin yake tafiya ba. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a 'yan wurare ƙalilan da aka togace, kamar idan iyayensa sun yi ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba. A kan wannan doka aka hukunta Barcelona a 2014, aka hukunta Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, aka hukunta Chelsea a 2019.

To ina tambaya: wane yaro ne aka sayar? Yaya sunansa? Wane gida ne aka rasa shi? A garin da idan akuya ta ɓata sai an yi shela a masallaci, yaro zai ɓace zuwa Faransa uwarsa ta yi shiru? Idan kuma da gaske wani yana da masaniya, to wurin kai ta hukumar NAPTIP ne ko ofishin 'yan sanda. Wanda ya san ana sayar da yara ya tsaya tura murya a waya, ko dai ba gaskiya yake faɗa ba, ko kuma bai damu da yaran ba.

ZARGIN BARIN SALLA DA KARATU

A nan ni shaida ne. Atisayensu bayan La'asar yake, kuma ana tashi kafin Magariba. Dokar makarantar ce duk wanda ya faɗi jarrabawa a ajiye shi daga ƙungiyar sai ya gyara, har na ga malalacin yaro ya rungumi littafi don tsoron zaman benci. Motsa jiki kuwa ba baƙo ba ne a addini. Abu Dawuda ya ruwaito tseren Annabi (SAW) da Nana A'isha (RA), Bukhari kuma ya ruwaito wasan masu da Habashawa suka yi a masallaci. Sharuɗɗan da malamai suka gindaya sanannu ne: a rufe al'aura, kada a tozarta salla, babu caca, babu gaba. Wanda ya ga an gaza a ɗaya daga ciki, ƙofar shugaban makaranta a buɗe take. Nasiha a keɓe ake yinta, tallata aibi kuwa tozartawa ce.

WA AKE CUTA?

Mai makaranta zai iya jurewa. Waɗanda ba za su iya ba su ne marayu da 'ya'yan talakawan da ke karatu kyauta albarkacin ƙungiyar, domin idan iyaye suka ci gaba da janye 'ya'yansu kuɗin shiga ya ragu, tallafinsu ne farkon abin da za a yanke. Sai malamin wasanni, magidanci mai iyali, da ake nunawa da baki a wurin ɗaurin aure. Sai yaron da ya yi gumi ya ci nasara, manya suka ce masa shi ɗan maguɗi ne. Magana zarar bunu ce. Ku tuna ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai a Suratun Nur: zargin bai tsaya kan wanda ya ƙirƙira ba, ya haɗa da waɗanda suka riƙa karɓar maganar daga baki zuwa baki suna ɗaukarta abu mai sauƙi, alhali a wurin Allah babba ce.

Saboda haka ina kira ga duk wanda ya tura saƙon nan da ya koma inda ya tura shi ya janye, da sunansa, kamar yadda ya yaɗa shi da sunansa. Mai hujja ya fito da ita gaban hukuma, za mu kasance farkon masu mara masa baya. Marar hujja kuwa ya kama bakinsa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma haƙƙin yara ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu cika da imani. Wallahu A'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.